Shekarar Kulle: Yadda Littafin Zubi Ya Riƙe Mu



Da Hajiya shugaba ta ce ni zan rubuta tarihin shekarar kulle don bikin cikarmu shekara goma sha biyar, sai da gabana ya faɗi. Ni mai kayan miya ce, da girmana na shiga ajin yaƙi da jahilci, sai da na haifi 'ya'ya biyar na fara riƙe fensir. Amma ta ce ai ni ce na riƙe littafin zubi a wannan shekara, kuma fiye da rabin matan da ke cikinmu yau bayan korona suka shigo. Don haka na ɗauko tsohon littafin, na zauna da iyayenmu da suka kafa ƙungiya. Inda na yi kuskure a yi mini afuwa.

Yadda abin ya zo

A rediyo muka fara jin korona, wai cuta ce can ƙasar Sin. Ranar 27 ga Fabrairu 2020 aka ce an samu wani ɗan Italiya da ita a Legas. Muka ce Legas ina, Kano ina. Ƙarshen Maris Shugaba Buhari ya rufe Legas da Ogun da Abuja. Ranar 11 ga Afrilu aka samu mutum na farko a Kano. Ranar 16 gwamnatin jiha ta sa dokar kulle, ranar 24 muka ɗauki azumi, ranar 27 kuma gwamnatin tarayya ta ƙara mana mako biyu. Daga nan sai ƙari a kan ƙari, har farkon Yuli.

Mu mata ai mun san kulle tun kaka da kakanni. Amma a kullen da muka sani yara na fita talla, da dare kina zuwa barka da dubiya, maigida na fita nema. Wannan kuwa ba talla, ba kasuwa, ba masallaci, ba tafsiri, ba asham. Ga mace-mace sun yi yawa a gari, musamman dattawa. Daga baya ministan lafiya ya ce mutum 979 aka ƙirga a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, kuma rabi ko fiye ana danganta su da cutar. Ina budurwa aka yi annobar sanƙarau ta 1996, an yi rashi sosai, amma a lokacin muna zuwa ta'aziyya, mu zauna mu yi kuka tare. A 2020 sai dai ki ji rasuwar maƙwabcinki ta katanga.

A watan Mayu aka fara buɗe gari Litinin da Alhamis, daga ƙarfe goma zuwa huɗu, aka bar 'Yankaba da 'Yan Lemo su ci. To ki saro tumatur ranar Litinin, abin da bai ƙare ba kafin la'asar, wa zai ajiye miki shi zuwa Alhamis? Haka jarinmu ya narke, rabi ya ruɓe, rabi muka cinye.

Tallafi da maganar suna

Gwamnati ta sanar da tallafi iri-iri. An ce a fitar da tan dubu 70 na hatsi daga rumbun ƙasa. Masu karɓar naira dubu biyar a wata aka ba su dubu ashirin a dunƙule, kuma aka ce a faɗaɗa rajistar marasa ƙarfi daga gida miliyan 2.6 zuwa miliyan 3.6. Masu bashin TraderMoni aka ɗaga musu ƙafa wata uku. Babban banki ya ware naira biliyan 50 na rance, amma sai kina da asusun banki da lambar BVN, kuma ta intanet ake cikewa.

Kun ga duk waɗannan abu ɗaya suke tambaya: sunanki yana takarda? Mu kuwa masu tire da faranti, yau mu samu yau mu ci. Kafin kulle ba mu cikin sahun waɗanda ake rubutawa, don muna juya 'yan kuɗinmu. Da aka rufe kasuwa kwana uku kacal muka koma sahunsu, amma takarda ba ta sani ba.

A unguwarmu sau uku ana zuwa ɗaukar suna. Mu arba'in da biyu ne a ƙungiya lokacin, shida ne suka ga wani abu. Wata 'yar haya aka ce mata sai masu gida. Wata bazawara aka ce ta turo maigida. Wata uwarmu 'yar asalin Damagaram, shekararta talatin a Kano, nan ta aurar da 'ya'yanta, aka tambaye ta katin shaida, ba ta da shi, aka wuce. Da na je gaishe ta, ba maganar shinkafa ta yi mini ba. Cewa ta yi: "'Yar nan, ashe ni baƙuwa ce?" Wallahi har yau ina jin maganar nan.

Taron soro

Yanzu zan faɗi abin da ba na jin daɗin faɗa. Dokar ƙungiyarmu ta ce wadda ta tsallake zubi uku a jere, a soke sunanta. Zuwa tsakiyar azumi mata goma sha tara sun tsallake. Wata Alhamis mu biyar shugabanni muka haɗu a soron Hajiya, kowacce da takunkumi, mun zauna nesa-nesa. Ma'aji ta ce doka doka ce, kuɗi amana ne, waɗanda suka matse cikinsu suka zuba su ma suna da haƙƙi. Gaskiya ta faɗa. Ni ma bayanta na bi, har na zo da jan biro a jaka.

Sai Iya, wadda ta fi mu shekaru, Allah ya jiƙanta, ta dube ni ta ce: "'Yar nan, karanto mini sunayen." Na karanta. Na farko mai ƙosai, na biyu mai kitso, na uku uwarmu ta Damagaram. Iya ta ce: "Can ba a rubuta su ba, nan kuma ki goge su. To a ina suke ke nan?" Soron ya yi tsit. Na mayar da birona jaka.

Abu uku muka yanke ranar. Na ɗaya, an dakatar da zubi, ba tara, ba soke suna har a buɗe kasuwa. Na biyu, kuɗin da muke tarawa na anko da gudummawar biki a sayo gero da masara, kowacce ta samu kwano biyu, da wadda ta zuba da wadda ba ta zuba ba. Na uku, muka raba sunaye, kowace shugaba ta riƙe mata bakwai ko takwas, duk mako ta kira su, wadda ba ta da waya a leƙa ta ranar buɗe gari. Ba kowa ya ji daɗi ba. Mata biyu suka karɓi kuɗinsu suka fita, kuma ba mu riƙe su a zuci ba.

Ciwon da ba ya fitowa a jiki

Kwano biyu ba ya kai gida mako. Abu na uku, wanda muka ɗauka shi ne ƙarami, shi ya fi aiki.

Cikin sunayena akwai wata ƙanwarmu, ta ba ni izini in faɗi labarinta ba tare da suna ba. Mijinta ya rasu a Afrilu, ta shiga takaba ita kaɗai da yara huɗu, ba 'yan zaman makoki, danginta suna wata jiha an rufe hanya. Ga bashin ƙungiya a kanta. Ta kashe waya. Da na je, na tarar da ita a zaune a ƙasa, ta rame, kai ba kitso. Babbar 'yarta ta ce ba ta barci, ba ta cin abinci, ba ta magana. Tana ganin littafi a hannuna ta ce: "Yaya, wallahi ba ni da shi." Na ce ba shi ya kawo ni ba. Na buɗe na nuna mata sunanta da yatsa, na ce ga ki nan, ba wanda ya taɓa ki. Ta daɗe tana kuka.

Kada ku ce daga nan ta warke. A'a. Wasu suka ce iska ne, wasu suka ce ƙarancin tawakkali ne, alhali mace ce mai ibada. 'Yar Hajiya da ke aikin jinya ita ta ce mana wannan ciwon damuwa ne, ciwo ne kamar hawan jini, kuma yana da magani. Ta koya mana alamunsa: baƙin ciki da ya wuce mako biyu bai sauka ba, rashin barci ko yawansa, ƙin abinci, abin da mutum ke so ya fita daga ransa, ganin kai ba shi da amfani, har da fatan mutuwa. Ta ce in aka kai ga na ƙarshen nan, kada a bar mutum shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar. Muka haɗa addu'a da asibiti, muna karɓa-karɓa wajen raka ta. Ta yi watanni tana shan magani. Yau rumfarta ta fi tawa ciniki.

Ba ita kaɗai ba ce. Ni kaina ƙarfe biyun dare nake farkawa ina lissafin da ba ya fita, ƙirjina na bugawa. Na taɓa dukan autana a kan cokalin sukari, na koma ɗaki na yi ta kuka. Ban faɗa wa kowa ba sai da muka fara kiran juna, na ji ashe kusan kowacce haka take. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar farko ta annobar, ciwon damuwa da fargaba sun ƙaru da kashi 25 cikin ɗari a duniya. Ashe mu ma muna cikin lissafin. Ga wadda ke buƙata, akwai asibitin ƙwaƙwalwa a Dawanau, akwai sashensa a asibitin Malam Aminu Kano. Zuwa can ba hauka ba ne, ba kuma abin kunya ba ne.

Abin da ya rage mana

Bayan an buɗe gari aka fito da tallafin naira dubu 30 ga masu sana'ar hannu. A Oktoba kuma muka ji jama'a sun fasa rumbunan kayan tallafi a Jos da Legas da wasu garuruwa. Mun ɗauki darasi. Muka yi wa ƙungiya asusun banki, muka raka juna yin katin ɗan ƙasa da BVN, mata goma sha ɗaya suka bi ni ajin yaƙi da jahilci don kowacce ta iya duba sunanta da idonta. Muka gyara doka: ba a soke suna a lokacin annoba, ko gobara, ko takaba. Muka buɗe asusun ko-ta-kwana, naira ɗari duk mako. Bashin mata goma sha tara ɗin nan kuwa, goma sha bakwai sun biya tsaf kafin azumi ya zagayo, biyu muka yafe.

Na san tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 rayuwa ta yi tsada, kuma na ji wasu ƙannenmu na cewa a taron bana a raba asusun ko-ta-kwana kowacce ta ƙara jari. Ban ga laifinku ba, ni ma jarina kuka yake. Amma ni ce na zo da jan biro, don haka ku bari in roƙe ku. In an raba, abin da kowacce za ta samu ba zai sayi kwandon tumatur ba. In an bar shi, ranar da gari ya sake rufewa, ko gobara ta ci rumfa, muna da abin da za mu riƙa mu yi sallama a ƙofar 'yar'uwa. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Kuma kiran nan na mako-mako da muka yi sanyi da shi, a dawo da shi, ko da ba annoba.

Allah ya jiƙan Iya da duk waɗanda muka rasa a shekarar kulle. Allah ya saka wa malamarmu ta yaƙi da jahilci da alheri. Allah kada ya maimaita mana, ya bar mu tare.