Tsohuwar kyamara na fitar da hoto dishi-dishi: yadda ake gano matsalar kafin a je wurin mai gyara

Da yawa daga cikin kyamarorin da masu ɗaukar hoto ke neman abinci da su a Yamai, Maraɗi, Damagaram, Garwa ko Njamena na hannu ne, wasu sun haura shekara goma suna aiki. Idan hotuna suka fara fitowa dishi-dishi, abin da ke fara zuwa ran mai kyamara shi ne ta tsufa, sai dai a sayi wata. Asarar kuwa ba ƙarama ba ce, domin ba a sake ɗaurin aure ko raɗin suna don hoto bai yi kyau ba. Sai dai tsufa kaɗai bai cika hana kyamara fitar da hoto garau ba. Dishi-dishi iri-iri ne, kuma kowane iri yana da alamar da ke nuna inda matsalar take.

A fara da duba hoton

Ƙaramin allon bayan kyamara yana ɓoye aibi. A ɗora hoton a kwamfuta, a faɗaɗa shi zuwa kashi 100 cikin 100, sannan a lura da abin da aka gani.

Idan komai na cikin hoton ya ja gefe guda, ko layuka sun fito biyu-biyu, hannu ne ya motsa. Idan bango ya fito sarai amma mutumin da ke tafiya ya narke, wanda aka ɗauka ne ya motsa. Idan fuska ta yi dishi-dishi amma bishiyar da ke bayanta ta fito fes, saiti ne ya kauce. Idan hoton gaba ɗaya ya yi kamar an lulluɓe shi da hazo, gilashin gaba, wato lens ko objectif, yana da datti. Idan kuwa gefe ɗaya ne kullum ke lalacewa, musamman bayan kyamara ta faɗi, to wani gilashi na ciki ya goce daga mazauninsa.

Akwai kuma abin da ke ruɗar mutane: a leƙa ta ƴar tagar ido a ga dishi-dishi, amma hoton ya fito lafiya. Wannan ba lalacewa ba ce. Kusa da tagar akwai ƴar ƙaramar taya da ake juyawa don daidaita ta da ƙarfin idon mai hoto, kuma tana juyawa da kanta a cikin jaka. A murza ta har sai lambobin da ke cikin tagar sun fito sosai.

Motsi da ƙarancin haske

Wannan shi ne sanadin da aka fi cin karo da shi, kuma babu ruwansa da shekarun kyamara. A cikin ɗaki ko da almuru, kyamara tana barin labulenta a buɗe na tsawon lokaci don haske ya isa, kuma duk motsin da aka yi a wannan lokaci yana fitowa a hoton.

Tsohuwar ƙa'idar masu hoto ita ce kada saurin labule ya gaza tsawon lens. Da lens mai milimita 50, a ɗauka a 1/50 na daƙiƙa ko fiye da haka sauri; da mai milimita 200, a 1/200. A kyamarori masu ƙaramar sensa, irin Canon 600D ko Nikon D3100, gara a ƙara sauri da kamar rabi. Masu rawa a wurin biki suna bukatar 1/250 zuwa 1/500, ƴan kokawa da dawakin hawan salla kuwa 1/500 zuwa 1/1000.

Ana samun wannan sauri ta hanyar ɗaga ISO, amma tsofaffin kyamarori ba sa jure ISO mai yawa. Hoton yana cika da tsaki-tsaki, na'urar kuma a ƙoƙarin share su sai ta shafe gashi da zanen tufafi. A irin wannan hali filasha ko fita waje ya fi. A kuma tabbatar maɓallin hana girgiza yana kunne: Canon na rubuta IS, Nikon na rubuta VR. Yana rage rawar hannu ne kawai, ba ya tsayar da mutum mai motsi.

Saiti

A duba maɓallin AF/MF da ke jikin lens. Idan ya koma MF, kyamara ta daina neman saiti da kanta. A ƙananan kyamarorin aljihu, alamar fure tana nufin ɗaukar abu na kusa, kuma idan aka manta ta a kunne, abin da ke nesa kan iya ƙin fitowa sarai. Haka nan idan aka bar kyamara ta zaɓi wurin saiti, takan kama abin da ya fi kusa da ita. Zaɓen ɗigo ɗaya na tsakiya a ɗora shi kan idon mutum yana magance wannan.

Masu sayen kayan hannu su lura da wani abu. Ƙananan kyamarorin Nikon, tun daga D40 ta 2006 har zuwa jerin D3000 da D5000, ba su da injin saiti a jikinsu. Lens mai tambarin AF-S yana saiti da kansa a kansu, amma tsohon AF-D sai an juya shi da hannu.

Wani lokaci kuma ƙananan ƙarafa masu ruwan zinare da ke haɗa lens da jikin kyamara ne suka yi datti. A cire lens, a goge su da busasshen ƙyalle mai tsabta.

Ƙurar hunturu da damshin damina

A yankin Sahel, yanayi na taɓa kyamara fiye da yawan aiki. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu na kwaso ƙura mai laushi daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Lens mai miƙewa da komawa yana zuƙar iska duk lokacin da aka juya shi, ƙurar na shiga tare da ita.

Ƙura kaɗan a kan gilashi ba ta ɓata hoto. Maiƙon yatsa ya fi ta illa. Hatsarin yana wurin gogewa, domin shafa gilashi da bakin riga ko rawani alhali akwai rairayi a kai yana karce shi, kuma karce ba ya gyaruwa. A fara hure ƙurar da ƴar roba mai hura iska, sannan a goge da ƙyalle mai laushi irin na tabarau.

Ƙurar da ta sauka kan sensa ba dishi-dishi take kawowa ba, baƙaƙen ɗigo ne da ke fitowa wuri ɗaya a kowane hoto. Ana ganinsu idan aka ɗauki sararin sama a f/16 ko f/22. Olympus ce ta fara sa na'urar kakkaɓe ƙura a E-1 ta 2003, Canon ta biyo baya da 400D a 2006, don haka a nemi wannan umarni a cikin menu.

Da damina matsalar ta koma damshi. Fumfuna na tsirowa a cikin lens kamar saƙar gizo-gizo, ana ganinta idan aka haska tocila ta ciki. Idan ta daɗe tana cinye rufin gilashin. A ajiye kayan aiki a akwati mai rufuwa sosai tare da ƴan ƙunshin silika masu shanye damshi. Fitowa daga ɗaki mai na'urar sanyaya iska zuwa waje kuma yana sa gilashi ya yi gumi. A bar kyamara cikin jakarta na ɗan lokaci kafin a fito da ita.

Zafi ma abin lura ne. Yawancin kamfanoni sun ƙayyade digiri 0 zuwa 40 a matsayin yanayin aiki, alhali a Afrilu da Mayu zafin Yamai da Njamena na wuce haka. Kada a bar kyamara cikin mota a rana.

Gwajin da ke raba gardama

A manna shafin jarida a bango inda hasken rana yake. A ɗora kyamara kan tebur ko mazauni mai ƙafa uku, a mayar da ita saitin kamfani, a sa ISO 100 da f/8, a kunna agogon jinkiri na daƙiƙa 2 don kada hannu ya taɓa ta. Idan rubutun ya fito sarai, kyamara lafiyarta ƙalau, matsalar tana ga yadda ake ɗauka.

Idan bai fito ba, a sake ɗauka ta amfani da allon baya, wato Live View. Idan na allo ya fito fes amma na tagar ido bai fito ba, saitin kyamara ne ya goce. Wasu kyamarori, kamar Nikon D300 da Canon 50D, suna da wurin daidaita wannan a menu. Waɗanda ba su da shi sai mai gyara. Daga nan a ari lens na wani a gwada. Idan hoton ya gyaru, lens ne ya lalace, kuma sauya shi ya fi sayen sabuwar kyamara sauƙi.

Lokacin da gyara ba ya biya

Akwai lalacewar da tsufa ne da gaske. A 2005 kamfanin Sony ya amince cewa wasu sensa na CCD da ya ƙera tsakanin 2002 da 2004 suna lalacewa a zafi da damshi, kuma sun shiga kyamarorin wasu kamfanoni irin Canon da Nikon. Alamar ita ce hoto mai ratsi-ratsi, mai launin shunayya, ko baƙi ƙirin. Kyamarar aljihu mai irin wannan alama, ko wadda lens ɗinta ya maƙale da rairayi, kuɗin gyaranta kan wuce darajarta.

Kafin a yanke hukunci, a tabbatar ba hanyar aikawa ce ta ɓata hoton ba. WhatsApp da Facebook suna matse hotuna, don haka abin da mai biki ya gani a wayarsa ba shi ne abin da kyamara ta ɗauka ba. Aika hoto a matsayin Document a WhatsApp yana barin sa yadda yake. A kuma duba menu a tabbatar girman hoto yana kan L, mafi girma, domin akan rage shi don kati ya ɗauki hotuna da yawa, daga baya a manta.