Kiɗan da aka yi kwana uku bayan buɗe katangar Balin

A watan Maris na 2020, lokacin da korona ta kulle kowa a gida, ƙungiyar makaɗan nan ta Jamus, Berliner Philharmoniker, ta buɗe rumbun wasanninta na intanet kyauta har kwana 30. Ta wannan ƙofa na shiga, ni da ban san kiɗan Turawa ba sai ɗan wanda ake sakawa a fim.

Sunan rumbun Digital Concert Hall. An buɗe shi a ƙarshen 2008, kuma wanda ya kawo shawarar ɗaya ne daga cikin makaɗan, Olaf Maninger, mai kaɗa babban gogen nan da ake jinginawa tsakanin gwiwoyi. Wanda ya san asalinsu ba zai yi mamaki ba. A 1882 ne makaɗa 54 suka ɓalle daga hannun maigidansu Benjamin Bilse suka kafa tasu ƙungiyar, kuma har yau su ke zaɓen jagoransu da ƙuri'a. Ka ga kenan abin da ya zauna masu a rai ba ƙaramin abu ba ne. A 2015 sun zaɓi Kirill Petrenko alhali sau uku kacal ya taɓa zuwa ya jagorance su, na ƙarshe a Disamba 2012. Daɗin wancan kiɗan ne bai bar kunnensu ba.

To amma ni wasan da na fi komawa kansa shi ne na ranar Lahadi, 12 ga Nuwamba 1989, domin shi makaɗan ne da kansu suka ce a yi. A daren Alhamis, 9 ga wata, aka buɗe katangar da ta raba Balin biyu tun 1961. Zauren kiɗan nasu, wanda aka buɗe a 1963, yana dab da katangar, wato shekara da shekaru mutanen gabas suna iya hango ginin amma ba halin shiga. A lokacin ƙungiyar tana cikin wani irin yanayi: Herbert von Karajan, wanda ya riƙe ta tun 1955, ya mutu a watan Yuli, Claudio Abbado kuma a Oktoba aka zaɓe shi. Sai ya kasance Daniel Barenboim yana gari suna ɗaukar wasan Mozart mai suna Così fan tutte a faifai. Suka neme shi, ya amsa. Ina jinjina masa a nan, domin yana cikin waɗanda aka yi ta ambata a kujerar da Abbado ya samu wata guda kafin nan.

Ba a karɓi ko sisi ba. Katin shaidar Jamus ta Gabas shi ne tikiti, kuma tun kafin gari ya waye mutane suka kafa layi. Barenboim ya zauna kan fiyano ya kaɗa kwanceto na 1 na Beethoven yana jagoranta daga inda yake, sannan ya miƙe aka shiga simfoni na 7. Gaskiya hoton ya tsufa, kuma akwai wasannin da suka fi shi tsabtar sauti a rumbun. Abin kallo shi ne in kyamara ta juya kan jama'a. Za ka ga mutane da rigunan sanyi irin na yawo, ba shigar zuwa zauren kiɗa ba, wasu na share hawaye, wasu sun yi tsuru-tsuru kamar masu jiran a zo a ce su fita.

Mai karatu, kada ka ɗauka duk tarihin gidan haka yake da daɗi. Gwamnatin Hitler ta mayar da ƙungiyar tata, makaɗanta Yahudawa guda huɗu suka bar ta, cikinsu har da shugaban masu goge, Szymon Goldberg, a 1934. Akwai hoton fim na Afrilu 1942 inda Wilhelm Furtwängler ya jagoranci simfoni na 9 na Beethoven a jajiberin ranar haihuwar Hitler, a ƙarshe Goebbels ya taso ya miƙa masa hannu. Beethoven ɗin dai shi ne, ƙungiyar ita ce. Wannan ya daɗe yana damu na, kuma ban yarda da masu cewa kiɗa ba ruwansa da wanda ke zaune a layin gaba ba.

A waccan shekarar ta 1942 aka haifi Barenboim a Ajantina, ɗan Yahudawa. Duk sanda na sake kunna wasan 1989 sai na tuna da haka, musamman in an zo kashi na biyu na simfonin, inda manyan goge ke farawa ƙasa-ƙasa kamar tafiyar masu rakiyar gawa, zauren kuma ya yi tsit.