Rage Matsi a Rariyar Ƙoda: Nazari kan Kula da Manya Masu Ciwon Suga

Kowace ƙoda tana ɗauke da ƙananan rariyoyi kusan miliyan guda. Idan suga ya daɗe yana yawa a jini, matsi yakan hauhawa a cikinsu har su fara yoyon furotin ɗin albumin cikin fitsari. Abin yana tafiya a ɓoye. Kafin mutum ya lura fitsarinsa na kumfa, ko takalmi ya fara matse shi da yamma, ɓarna ta riga ta yi nisa. Wannan maƙala tana ganin cewa saukar da suga kaɗai bai wadatar ba, sai an sassauta matsin da ke cikin rariyar.

Awo biyu ke tona asirin cutar: albumin da ya kai miligiram 30 a kowane giram na kiriyatinin ɗin fitsari, ko ƙarfin tacewa da ya gaza 60, muddin hakan ya zarce wata uku.

A 2001 gwajin RENAAL da na IDNT suka nuna cewa losartan da irbesartan, magungunan hawan jini, suna jinkirta lalacewar ƙoda. Daga nan aka yi dogon zaman jira. Sai a 2019 gwajin CREDENCE, mai majiyyata 4,401, ya gano canagliflozin ya rage haɗarin lalacewar ƙoda ko mutuwa sanadin ciwon ƙoda ko zuciya da kashi 30 cikin ɗari. Abin mamaki, maganin suga ne da ke sa a fitsar da sugan, amma babbar ribarsa ita ce yadda yake tsuke jijiyar da ke kai jini rariya. Dapagliflozin da finerenone suka biyo baya a 2020, semaglutide kuma a 2024. Ƙa'idojin ƙungiyar masana ƙoda ta KDIGO na 2022 sun ce a fara irin su dapagliflozin matuƙar tacewa ba ta gaza 20 ba, a rage maganin suga metformin idan ta sauka ƙasa da 45, a daina shi ƙasa da 30.

Wurin da ake yawan tuntuɓe shi ne makonnin farko. Kiriyatinin ɗin jini yakan ɗan tashi bayan fara losartan, likita ya tsorata ya janye maganin. Alhali tashin da bai wuce kashi 30 ba alama ce matsin ya sauka. Sinadarin potasiyam ne ya kamata a sa wa ido.

Sauran aikin yana madafa da kantin magani. An so gishiri kada ya kai giram 5 a yini, sai dai uwargida ba ta cika lissafa dunƙule da kanwar da ta jefa a miya ba. Diclofenac da ibuprofen da ake sha don ciwon jiki suna rage jinin da ke isa ƙoda. Mai amai ko gudawa ya dakatar da metformin da dapagliflozin har ya warware, mai niyyar azumi kuma ya ga likitansa tun cikin Sha'aban.