Uba ɗaya, ɗaki biyu: aure da nasaba a gidan sarautar Yendi

Yau za mu waiwayi nasabar gidan da kakanninmu fatake suka sauka a inuwarsa, wato gidan Ya Na, sarkin Dagomba. Wanda ya san yadda aure ya gina gidan nan, kuma ya ga yadda 'yan ubanci ya girgiza shi, zai san yadda zai riƙe harshensa a ƙasar da yake zaune.

Tarihin gidan yana bakin makaɗan fada da ake kira lunsi, waɗanda ke haddace sunayen sarakuna da iyayensu. A ruwayarsu, tushen gidan wani baƙo ne, Tohazie, ma'ana Jan Maharbi, wanda ya fito daga gabas, wasu suka ce ta wajen Zamfara. Ya kashe ɓaunar da ta hana mutanen Mali ɗiban ruwa, ya kuma taimaki sarkinsu a yaƙi. Da aka ce ya zaɓi mata cikin 'ya'yan sarki, sai ya ɗauki gurguwar cikinsu. Ɗansu Kpogonumbo shi ma baƙunci ya yi a ƙasar Gurma, ya yi aure a gidan masu ƙasa, daga tsatsonsa aka sami Na Gbewa. Ke nan tun farko aure ne ya buɗe wa baƙo ƙofar mulki.

Na Gbewa ya zauna a Pusiga, kusa da Bawku, inda har yau ake girmama wurinsa. Rikicin gado tsakanin 'ya'yansa ne ya watsa su: Tohagu ya kafa Mamprugu, Sitobu ya haifi Nyagsi wanda ya faɗaɗa Dagbon, Nmantambo ya kafa Nanun ta Bimbila. Ta wajen mata kuma, ruwayar Mosi ta ce gimbiya Yennenga ta wannan gida ce ta auri maharbi Riale, ta haifi Wedraogo, kakan sarakunan Mosi. Shi ya sa masarautun nan ke kallon juna da idon zumunci.

Wajen shekarar 1700 masu neman sarautar Yendi suka yi yawa, aka kai magana gaban Nayiri, sarkin Mamprusi, ya zaɓi Na Zangina, wanda a zamaninsa Musulunci ya sami gindin zama a fada. Al'adar da ta kafu ita ce sai mai riƙe da Karaga ko Savelugu ko Mion ke neman buzun Yendi, kuma ɗa ba ya wuce matsayin da ubansa ya kai. A nan hatsarin yake: idan sarauta ta daɗe ba ta shiga wani ɗaki ba, jikokin ɗakin sukan faɗo daga layin gado har abada. 'Ya'ya mata ba sa hawa buzun Yendi, amma suna da nasu sarautu, babbarsu ita ce Gundo Na.

A ƙarni na 19 Ya Na Yakubu na ɗaya ya haifi Abdullahi da Andani, uba ɗaya, uwa kowa da tasa. Abdullahi ya yi sarauta, Andani ya gaje shi, kuma a zamanin Andani ne Jamusawa suka ci Dagomba a yaƙin Adibo a 1896. Daga waɗannan ɗakuna biyu aka sami gidan Abudu da gidan Andani. A 1948 aka sauya tsarin masu zaɓen sarki, a 1954 kuma ɗan Abudu ya gaji ɗan Abudu, sai Andanawa suka ga an tsallake rabonsu. Bayan samun 'yanci jam'iyyun siyasa suka shiga tsakani, kowace gwamnati da gidan da take karkata gare shi. An zubar da jini a Yendi a Satumbar 1969. An naɗa Ya Na Yakubu Andani na biyu a 1974, aka kashe shi a fadarsa tare da mutane da dama a Maris 2002. Buzun ya zauna ba sarki har Janairun 2019, lokacin da sulhun Asantehene da Nayiri da Yagbonwura ya kai ga naɗin Ya Na Abukari Mahama na biyu, aka kuma ba ɗan Abudu Mion, ɗan Andani Savelugu.

Mu mutanen zango mun riga mun san kuɗin irin wannan rikici. Sarautar Kpembe, wadda Salaga ke ƙarƙashinta, tana zagayawa ne tsakanin gidaje uku: Lepo da Singbung da Kanyase. Da suka yi yaƙi a 1892, kasuwar goron da ta tara Hausawa ta watse, jama'a suka bazu zuwa Kete Krachi da Yeji da sauran garuruwa. Cikinsu har da Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano, wanda ya rasu a Kete Krachi a 1934. Fatake ba su nemi sarauta ba, amma su suka bar gidajensu.

Yau kuwa ba mu zama baƙi zalla ba. Da wuya ka sami tsohon gida a zango da babu kaka Badagomba ko Bagwanja ko Bamamprusa a cikinsa, kuma 'ya'yanmu suna da kawunnai a kowane ɓangare. Wannan alheri ne, amana ce kuma. Gidan da ke da surukai a Abudu da Andani bai kamata a ji shi yana zuga ɗaya a kan ɗaya ba, a majalisa ne ko a Facebook.

Abu na biyu, Dagomba suna da lunsi, mu ba mu da su. Saboda haka muna roƙon kowane mai gida ya zaunar da tsofaffinsa tun suna raye, a rubuta da boko ko ajami: wa ya fara zuwa, daga Kano ko Katsina ko Kabi, wa ya aura, 'yar wane gida ce. Kada a bar sunayen iyaye mata, domin a Yendi ta ɗakin uwa gida ɗaya ya rabu biyu. Wanda kuma yake da mata fiye da ɗaya, ya daidaita tsakanin ɗakuna tun yana da rai.

Allah ya jiƙan magabata, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.