Yadda Ingila Ta Suturta Ƙuri'ar Talaka

A ƙasar Ingila, kafin shekarar 1872, duk wanda ya zo zaɓen ɗan majalisa sai ya tsaya a bainar jama'a ya ambaci sunan wanda yake so, magatakarda ya rubuta a littafi, littafin nan kuma sau da yawa a buga shi a sayar, har mai gonar da yake haya da maigidan da yake yi wa aiki su karanta, su san inda zuciyarsa ta karkata. Tun 1854 majalisa ta haramta rashawa, da shayar da masu zaɓe giya, da razana su; amma ina fa'idar haramci ga manomin da ya tabbata cewa kafin alƙali ya saurari ƙararsa an riga an raba shi da gonar da kakansa ya noma?

Abin da ya auku a Wales bayan zaɓen 1868 shi ya bayyana wannan rauni, domin manoma 'yan haya da suka saɓa wa umarnin masu ƙasa suka zaɓi 'yan jam'iyyar Liberal ba su jima ba sai ga takardun sallama, aka fitar da iyalai masu yawa daga gonakinsu ba da laifin komai ba sai bin ra'ayinsu, wanda kuwa zalunci ne tsantsa. Wani ɗan majalisa mai suna Henry Richard ya kai kukansu gaban majalisa, har daga bisani gwamnatin firayim minista Gladstone ta kafa dokar ƙuri'ar asiri, aka fara aiki da ita a garin Pontefract cikin watan Agusta na 1872. Hikimar da ke cikinta, a ganina, ita ce ta rufe wa azzalumi ido, tun da wanda bai san abin da mutum ya zaɓa ba bai san wanda zai kora ba.

Bayan wannan, wata doka ta 1883 ta ƙayyade kuɗin da ɗan takara zai kashe, ta kuma hana tsoratar da mai zaɓe da azabar lahira. Ƙazafi ne aka jinkirta hukuncinsa har 1895, sa'ad da aka haramta yaɗa ƙarya game da halin ɗan takara. Da dokar da ta gaji wannan ce kotu ta rushe zaɓen wani ɗan takara mai suna Phil Woolas a 2010, bayan ya riga ya zauna a kujerar majalisa.