Tantance Rajistar Inshorar Lafiya ta Masu Ƙaramin Ƙarfi

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta shekarar 2014 ce ta kafa Asusun Kula da Lafiya a Matakin Farko, wanda ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya. Daga cikinsa ake biyan asibitocin sha-ka-tafi gwargwadon yawan masu rajista, ko sun zo ganin likita ko ba su zo ba. Don haka sunan mamaci, ko wanda ya ƙaura, ko wanda aka rubuta sau biyu, asara ce, kuma yana tare gurbin wani mabukaci. Wannan ya sa muke tantance sunaye da lambar katin ɗan ƙasa. Muna kira ga dagatai, masu unguwanni da jami'an lafiya su riƙa sanar da rasuwa ko ƙaura a kan lokaci.