Yadda Aka Kai Ga Tayar Da Kwamfutoci Dubu Da Umarni Ɗaya

Ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari su saurara.

Yau tarihi za mu taɓa. Akwai wata tambaya da masu koyon harkar kwamfuta suke yawan yi mini: wai ta yaya mutum ɗaya, yana zaune da laftof, zai rubuta layi kaɗan, kafin ya sha shayi kwamfutoci ɗari biyar sun tashi a wata ƙasa suna aiki tare? To, ba dare ɗaya aka kai nan ba.

Mu fara daga 1994. A wata cibiyar NASA da ke Amurka, mutum biyu, Thomas Sterling da Donald Becker, suka ga manyan kwamfutocin bincike sun yi tsada, kuɗinsu miliyoyin daloli. Sai suka sayo kwamfutoci 16 irin na ofis, suka haɗa su da waya, suka sa musu Linux, suka raba musu aiki ɗaya. Suka kira abin Beowulf. Jami'o'i suka ga abu ya yi arha, kowa ya kama. Wannan shi ne garken kwamfuta: injuna da yawa, aiki ɗaya.

Amma fa garke yana zuwa da wahalarsa. Kwamfuta 16 za ka iya bi ɗaya bayan ɗaya ka saka manhaja. In sun kai 300 fa? Ka gyara ta farko, kafin ka kai ta ɗari ka manta abin da ka canza a ta goma. Bayan shekara guda babu biyu da suke daidai da juna, kuma mutumin da ya san sirrin kowacce ya samu aiki wani wuri ya tafi.

Wani Bature ɗan Ingila, Mark Burgess, masanin kimiyyar fiziks da ke aiki a Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway, ya riga ya gaji da wannan tun 1993. Ya rubuta wata manhaja, CFEngine. Ni a ganina, duk abin da za mu ambata daga baya jikokin tunaninsa ne, don haka ku saurara da kyau. Ya ce a daina ba kwamfuta umarni mataki-mataki, yi kaza sannan ka yi kaza. A rubuta mata yadda ake so ta kasance kawai. Ita manhajar sai ta riƙa zagayowa tana dubawa, in ta ga inji ya kauce daga abin da aka rubuta ta mayar da shi, in ta tarar komai daidai ta wuce ba ta taɓa komai ba. Puppet da ta fito a 2005, Chef a 2009, Ansible a 2012, duk wannan hanyar suka bi, kowacce da salonta.

Sai dai har lokacin ƙarfen naka ne. Sai ka yi oda, ka jira makonni, a kawo, ka nemi ɗaki mai sanyi da wutar da ba ta ɗaukewa.

A watan Agusta na 2006 Amazon ya buɗe EC2. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, a Afirka aka gina shi, a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, ƙarƙashin wani injiniya Chris Pinkham. Tsarin mai sauƙi ne: ka yi hayar kwamfuta ta intanet, santi 10 na dala a awa a lokacin, in ka gama ka kashe, kuɗi ya tsaya. Wannan ne ake ce wa gajimare, ko da yake ba a sama yake ba, manyan rumbuna ne cike da injuna a ƙasa. Muhimmin abin ma ba arhar ba ce. Muhimmin shi ne ba sai ka kira wani ma'aikaci ba, manhajarka ce za ta aika saƙo ta ce a ba ni inji, a ba ta.

Labarin da ya buɗe idon mutane ya zo a 2007. Jaridar New York Times tana da tsofaffin labarai kusan miliyan 11, tun daga 1851, da aka ɗauki hotonsu, tana so ta mayar da su PDF. Wani injiniyansu, Derek Gottfrid, ya yi hayar injuna 100 a EC2, ya ɗora musu Hadoop, aikin ya ƙare cikin ƙasa da awa 24. Ku yi lissafi da kanku: 100 sau 24 sau santi 10, dala 240 ke nan kuɗin injunan. Ya gama, ya mayar da kayan mutane.

Yanzu bari in gaya muku abin da aikin hannu yake jawowa, don kar a ɗauka duk wannan lalaci ne na injiniyoyi. A ƙarshen watan Yuli 2012, wani kamfanin hada-hadar hannun jari a Amurka, Knight Capital, ya sa sabuwar manhaja a sabobinsa guda takwas. Ma'aikaci ya kwafa a bakwai, ta takwas ta tsere masa, kuma ba a sa wani ya duba bayansa ba. A cikin ta takwas ɗin nan akwai wata tsohuwar manhaja da aka daina amfani da ita shekaru, ba a goge ba. Kasuwa na buɗewa ranar 1 ga Agusta ta farka, ta shiga saye da sayarwa ba ƙaƙƙautawa. Minti 45. Asarar ta kai dala miliyan 440. Kafin shekara ta zagayo kamfanin ya narke cikin wani. Inji ɗaya cikin takwas fa!

Shi ya sa aka matsa gaba: ba cikin injin kaɗai za a rubuta ba, har shi kansa injin, da hanyoyin sadarwarsa, da ma'ajiyarsa, da wanda aka yarda ya shiga. Amazon ya fitar da CloudFormation a 2011. A 2014 kamfanin HashiCorp ya kawo Terraform, wadda take aiki da gajimaren kamfanoni daban-daban. Abin da nake so da Terraform shi ne, kafin ta taɓa komai sai ta nuna maka: zan ƙirƙiri kaza, zan canza kaza, zan rushe kaza, ka yarda? Garkenka gaba ɗaya ya zama fayil, abokin aikinka zai iya karantawa ya ce kai, nan akwai kuskure.

Injiniyoyin can suna da wani kwatance, wai a ɗauki sabobi kamar shanu, ba kamar dabbar da ake lele a gida ba: ba suna, lamba kawai, wadda ta kwanta a maye gurbinta. Duk lokacin da na ji wannan sai in yi dariya, don Bafulatani kowace saniya tasa da sunanta. Da ni ne, kajin gona zan ce.

To wa zai riƙa maye gurbin? Google yana da nasa tsarin na cikin gida, Borg, tun wajen 2003, yana ɓoye da shi. Da Docker ta fito a 2013, ta sauƙaƙa naɗe manhaja da duk kayan da take buƙata cikin kwantena guda, sai wasu injiniyoyin Google, Joe Beda, Brendan Burns da Craig McLuckie, suka gina sabon abu bisa darasin Borg, aka sake shi kyauta a 2014. Shi ne Kubernetes, kalmar Girkanci mai nufin matuƙin jirgin ruwa. Ka rubuta kana son kwafi 10 na manhajarka. Ɗaya ta mutu da ƙarfe uku na dare, shi zai ga saura 9, ya tayar da wata, kai kana barci. Kun gane shi ko? Tunanin Burgess ne ya dawo, amma a kan garke gaba ɗaya. A 2016 wasan Pokémon Go da ke kan Kubernetes ya samu cunkoso ninki 50 na abin da aka yi hasashe. Ya yi tangal-tangal, gaskiya, amma bai kife ba.

Kar kuma ku ce matsala ta ƙare. Ranar 28 ga Fabrairu 2017, wani injiniyan Amazon yana bin ƙa'idar aiki, zai cire sabobi kaɗan daga tsarin ma'ajiyar S3 a yankinsu na arewacin Virginia. Ya yi kuskure wajen shigar da umarnin, aka cire da yawa fiye da yadda ya nufa. Shafuka da manhajoji barkatai suka tsaya kusan awa huɗu. Abin dariya, shafin da Amazon yake sanar da matsala shi ma a kan S3 ya dogara, sai da suka koma Twitter suna bayani. A rahoton da suka fitar ba su ambaci sunan mutumin ba. Kayan aikin suka gyara: ya riƙa cire sabobi a hankali, kuma ya ƙi sauka ƙasa da adadin da tsarin yake buƙata, ko wa ya ba shi umarni.

Nan za mu tsaya yau. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu, za mu buɗe fayil ɗin Terraform na gaske mu karanta layi-layi. Wanda zai gwada kafin nan, don Allah ya saka ƙararrawar kuɗi a asusunsa tukuna, kuma ya kashe duk injin da ya tayar, da dala ake cajin nan. Ku ajiye tambayoyinku a ƙasa. Sai mun haɗu.